Abin da Ake Gogewa a Bayan Auta

Guruf ɗin waya na masu noman buhu ya kai mutum ɗari bakwai, kowa da tumatir ko barkono a cikin tsohon buhun siminti a bayan ɗakinsa, kowa kuma a ganinsa shi ne malamin gona. Wata mai kemis ce ta buɗe shi. A guruf Admin ake ce mata, a gida kuwa Yaya ce, domin ƙaninta Auta bai taɓa kiranta da wani suna ba, kuma tun rasuwar iyayensu a wurinta yake zaune.

Auta shekararsa talatin da huɗu. An haife shi da lalurar da ke sa fahimta ta zo a hankali. Bai iya karatu ba, magana kuma sai ya jera ta ɗaya bayan ɗaya kafin ta fito. Amma buhuna sha tara da ke bayan kemis ɗin nasa ne, shi yake musu ban ruwa, shi yake tsince tsutsa da yatsa. Kullum da safe sai ya ɗauki hoton buhu ɗaya, ya danna wurin murya ya gaida mutum ɗari bakwai: "Ina kwananku. Auta ne. Yau na shida ya yi fure." Minti guda cur saƙon yake ci, don sai ya maimaita. Daga nan ya zauna kan benci yana kallon hotunan babban yatsa suna taruwa a ƙarƙashi, baki har kunne. A duniya nan ne kaɗai yake magana a jira shi ya gama.

To shi taro, in ya yi yawa, ba a rasa mai baki ba linzami. Baƙi suka shigo, kalmomi suka biyo su. Yaya ta yago bayan kwalin magani ta rubuta su a jere, dolo, gaula, taɓaɓɓe, ta liƙa a gefen durowa, ta kuma kafa doka a saman guruf: gargaɗi biyu, na uku waje. Wayarta kullum tana kan kanta kusa da farantin ƙirga ƙwaya. Tana miƙa wa mutum magani da dama, tana gogewa da hagu. Sai dai mutane akwai dabara wajen mugunta. Ka hana kalma, su zo da ƙanwarta. Ka hana ƙanwar, su turo hoton jaki. Wani ma har lacca ya yi mata, wai ai ba zagi ba ne, kowa yana faɗa. Ta goge laccar ita ma.

Ranar Talata abin ya kai ta maƙura. Auta bai daɗe da gaisuwa ba wani mai haƙa rijiyar burtsatse, wanda ake kira Injiniya, ya rubuta: "Admin, wai dole ne kullum wannan dolon ya cika mana waya?" Wani saurayi ya ƙara tasa, wata mata ta jera fuskokin dariya har bakwai. Yaya ta goge duka ukun, ta kuma yanke shawara a take: za ta cire Auta, ta buɗe masa ƙaramin guruf na 'yan uwa, inda ba wanda zai taɓa shi. Ta san zai yi kuka. Ta ce gara kukan yini ɗaya.

Bayan azahar kemis ya yi shiru, fanka kaɗai ke ƙara. Auta ya shigo ta ƙofar baya, ƙafar wandonsa jiƙe da ruwa.

"Auta, zo ka zauna," ta ce. "Zan buɗe maka wani guruf, na 'yan gida kawai. Wancan ya cika hayaniya."

Bai zauna ba. Ya ajiye wayarsa a kan kanta, ya sa yatsa a kan wasu 'yan layuka masu launin toka da ke ƙarƙashin hotonsa, irin alamar da ke zama idan an goge saƙo.

"Yaya, me kike sharewa a bayana?"

"Talla ce."

"Ba a talla sai in na yi magana?"

Ya ja allon sama a hankali. Litinin biyu, Lahadi ɗaya, Asabar huɗu. Ido ba mudu ba, ya san kima: bai iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma ya daɗe yana ƙirga wuraren da aka share.

"Dolo suka ce," in ji shi, kamar mai faɗin sunan wani magani. "Na san kalmar, Yaya. Ta girmi waya. Ba ni lambarsu."

Ta ƙi. Ta ce za su ƙara masa wani zagin, ta ce wannan aikin Admin ne. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce, "In kin goge, su ba su ji komai ba." Sai ta buga lambar farko, ta buɗe lasifika, ta ajiye wayar tsakaninsu tana addu'a a zuci.

Saurayin yana jin "Auta ne, na guruf," ya kashe. Auta ya ce ƙila aiki yake yi. Matar ta ɗauka, ta ce ita fa dariya kawai ta sa, wasa ne. "Na ji," in ji Auta. "Ni ban yi dariya ba." Ta ba da haƙuri da sauri-sauri irin na mai son ajiye waya.

"Saura Injiniya," in ji Yaya. "Wannan na ukunsa ne, yau zai fita. Ba sai ka wahalar da kanka ba."

"Kira shi."

Aka ɗauka cikin rugugin inji. Auta ya gyara tsayuwa, ya yi sallama, ya ce ina wuni, ya aiki, ya iyali, ya rana. Bai tsallake ko ɗaya ba, kuma kowace sai ya jira amsa. Injiniya yana amsawa a gajarce, don bai san wa ke magana ba.

"Ni ne wanda ka ce wa dolo."

Rugugin injin ya fara nisa, alamar mutumin ya matsa gefe.

"Wa ya ba ka lambata?"

"Yayata. Ita ce Admin."

"To me kake so?"

"In gaya maka tana da zafi. A nan." Ya dafa ƙirjinsa, sai ka ce mutumin yana ganinsa. "Ina magana a hankali, amma ina ji. Saƙona yana da tsawo, na sani. In ka gaji ka tsallake. Ba sai ka kira ni haka ba."

Yaya ta leƙa ta ga ko layin ya yanke.

"Ban yi zaton za ka gani ba," in ji Injiniya.

"Ban gani ba. Yaya ta goge." Auta ya nemo sauran maganarsa. "Ta ce za ta cire ka. Zan ce ta bari. Barkononka bai nuna ba tukuna, ina so in gani."

Yaya ta tsura wa Auta ido. Shekara biyu tana tsaye tsakanin ƙaninta da mutane tana tare masa magana, tana ganin in ta matsa taku ɗaya rushewa zai yi. Ga shi yau a gabanta da jiƙaƙƙen wando, ya tari zagin da ƙirjinsa, bai rama ba, bai kuma roƙi kowa ba. Ita da duk karatunta, abin da ta iya shi ne danna goge. Mamaki ya cika ta, da wani irin kwarjini da ba ta taɓa ji game da shi ba, har ta ga ya kamata ta miƙe tsaye, ta miƙe.

Muryar Injiniya ta dawo a dushe. "Malam Auta," ya ce, "ka yafe mini. Wallahi na ji kunya."

Ba a taɓa ce wa Auta Malam ba. Ya waiwayi Yaya don ya tabbatar ta ji, sannan ya ce ba komai, a gaida gida. Aka ajiye waya.

Da Yaya ta buɗe baki, sai Admin ɗin cikinta ta riga ta.

"Auta, doka doka ce. Magana zarar bunu ce, ya riga ya zara. Duk wanda bakinsa ya iya faɗa maka wannan kalmar bai cancanci zama wuri ɗaya da kai ba."

Ya ɗauki bokitin ban ruwansa daga bakin ƙofa, ya duba ko yana yoyo.

"Ke ma kin faɗa," ya ce.

"Ni?"

"Ranar da na zuba ruwa a littafinki na makaranta. A gaban ƙawayenki. Sau biyu."

Ta tuna, abin ya dawo mata duka a lokaci ɗaya: tana da shekara sha biyar, shi yana da shida, yana tsaye da kofi a hannu, ƙawayenta suna dariya. Shekara ashirin da takwas ke nan. Ita ta manta tun a daren, shi kuwa yana riƙe da ita, yana kuma kawo mata ruwan alwala kowace safiya.

"Ban cire ki ba, Yaya," ya ce. "Ni ma kar ki cire ni."

Ya fita wurin buhunansa. Wani dattijo ya shigo neman maganin tari, sai da ya faɗa sau uku kafin ta ji shi.