Tsohuwar da Saffana ta tsinta a Pazhou

Saffana ba ta iya wuce tsohuwa tana kuka, kuma da dalili. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce mahaifiyarta ta ɓata a Mina, wani bawan Allah ya dubi fuskarta kawai ya ja ta ya kai tantin 'yan Sudan, ta yi yini da kwana a can. Har yau idan aka tayar da zancen a gidansu na Gwammaja, Saffana ce ke fara cewa, "Wawan mutum, ba sai ya tsaya ya saurare ta ba?"

To, ran nan da la'asar ta fito daga baje kolin Pazhou, can ƙasashen gabas mai nisa, jakarta cike da takardun masu injin markaɗe, ƙafafunta na zogi, sai ga wata tsohuwa tsaye a bakin tashar jirgin ƙasa ta riƙe ginshiƙi tana hawaye. Mayafi a kanta, dogon hanci, ga wani abu rawaya shafe a kumatu. Ba waya a hannunta, ba katin shiga baje koli a wuyanta.

Kallo ɗaya Saffana ta yanke hukunci: Ba'indiya ce, rawayan nan kuwa kurkur ne. Ita da ta tashi gaban fina-finan Indiya tun tana goyo, wa zai koya mata? Ta matsa ta juye wa tsohuwar duk Indiyancin da ta haddace, wanda rabinsa kalaman soyayya ne, sauran kuma na ɗaukar fansa. Tsohuwa ta dube ta, ta amsa da wata magana mai tsalle-tsalle, tana nuna ƙasa da yatsa. Saffana ta sa wa wayarta fassarar Hindi, wayar ta kwaso shirme. Ta tambayi mai gadi ko an kawo cigiya, ya kaɗa hannu, "Meyo, meyo," wato babu.

Hankalinta ya tashi. Ƙarfe shida za a rufe baje kolin, mutum dubu nawa za su ɓarke cikin tashar nan, wa zai ga wata tsohuwa? Sai ta tuna da Lallan, ɗan jihar Bihar ta Indiya mai sayen famfunan ban ruwa, wanda suke haɗa kwantena wajen dillali ɗaya. Ta kira shi, ya ce yana shan shayi a ɗaya ɓangaren ginin.

"Taho, Iya, in kai ki wajen 'yan'uwanki," in ji Saffana.

Tsohuwa ta noƙe, ta ƙara ƙanƙame ginshiƙin. Saffana ta ɗauka tsoro ne, ta ɓamɓare yatsun a hankali, ta kama hannun ta ja. Tafiyar minti ashirin suka yi cikin zafi da turereniya, tsohuwar na waiwaye tana magana, Saffana na cewa "Sannu, an kusa," ba tare da ta tsaya ba ko sau ɗaya.

Lallan ya miƙe ya ba tsohuwar kujerarsa, ya russuna ya ce da yarensu na Bhojpuri, "Maai, ka haal ba?" Wato, Iya, yaya kike? Ya ci gaba da tambayoyi. Ta amsa. Ya sake, ta sake.

A nan ne Saffana ta yi abin da ya kamata ta yi tun a tasha, wato ta yi shiru ta kasa kunne. Maganar Lallan doguwa ce, a shimfiɗe, kalma na riƙe da wutsiyar kalma har ta je ta zauna a kan "ba", harshensa na naɗewa sama kamar yadda ta saba ji a fim. Ta tsohuwar kuwa gutsi-gutsi take fita kamar ana yanka kuɓewa, wata gaɓar ta hau, wata ta sauka, wata ta maƙale a maƙogwaro, wata ta bi ta hanci. Hawa da saukar ma ya fi kama da na Hausa. Ko kurma ya san ba gida ɗaya suka fito ba.

"Madam," in ji Lallan da Turanci, "wannan ba tamu ba ce. Abin fuskarta ma ba kurkur ba ne." Ya sosa ƙeya. "Kakana ya yi dako a tashar jirgin ruwan Rangoon, a ƙasar Bama. Akwai wata magana da yake tsokanar mu da ita muna yara." Ya juya ga tsohuwar, ya ce a ɗarare, "Sa pi bi la?"

Ma'anarta wai, kin ci abinci? Tsohuwa ta zabura ta cafke hannunsa, magana ta ɓalle mata kamar an buɗe famfo. Lallan ya ce shi fa iyakarsa ke nan, amma yaren ƙasar Bama ne. Saffana ta sauya fassarar, wani rubutu mai zobe-zobe ya cika fuskar wayar, a ƙarƙashinsa Turanci:

"Ɗana Sharif ya koma ciki ɗauko jakarmu. Ya ce kada in motsa daga ginshiƙin nan. Ya daɗe ne kawai na ji tsoro. Na yi ta gaya wa yarinyar nan."

Saffana ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Saura minti goma ƙarfe shida ta cika. Lallan ya tare musu tasi, direban na ƙunƙuni saboda kusancin wajen, ita kuwa addu'a kawai take yi kada ɗan ya gaji ya nufi wani wuri neman uwarsa.

Suka same shi yana zagaye ginshiƙin, riga sharkaf da gumi, yana nuna wa masu wucewa hoto a waya. Ya rungume uwar yana kuka yana faɗa lokaci guda. Da ya juyo yana yi wa Saffana godiya, a zatonsa ita ta tsinto ta, sai ta kasa karɓa.

"Ni na ɗauke ta daga nan," ta ce. "Ka yi haƙuri."

Tsohuwar ta shafa kumatun Saffana, ta bar mata ɗan rawaya a fuska, suka shige cikin taron.

Saffana ba ta shiga jirgi ba. Ta jingina da ginshiƙin ta kira Kano, inda hantsi bai daɗe da dubawa ba.

"Hajiya, mutumin nan na Mina, da ya kai ki tantin 'yan Sudan. Ya riƙe miki hannu?"

"Har muka isa bai saki ba," in ji uwar. "Yana ta ce min sannu da yarensu. Me ya tuno miki da shi?"

"Ba komai, Hajiya. Na daɗe ina zaginsa ne."