Yaron da Ba Ya Zufa

Karo na uku ke nan da aka kawo Habu gida a saɓe. Yara na guje-guje a bayan rumbuna, hantsi bai gama ɗagawa ba, ya durƙushe. Shekararsa biyar. Jikinsa zau kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

Ubansa Rabo, wanda ya dawo Dumega daga aikin soja damina biyu da suka wuce, ya tarar da tsohuwarsa, Inna Altine, ta riga shi. Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta lulluɓe yaron da bargo har kai.

"Inna, buɗe shi."

"Doguwa ta, ta bayan rumbu. In ba a turara shi ba, ba ta sakin shi."

"Wuta ta cikin jikinai, kina ƙara mai wata."

"Da bargon ga na turara ka kana ƙarami. Ka mutu?"

Rabo ya yaye bargon, abin da ɗa ba ya yi wa uwarsa a gaban suruka. Ya kai yaron rumfa, ya kwarara masa ruwan randa. Inna ta dafe kai.

"Ruwan sanyi bisa mai iska! Nasara sun cinye maka hankali."

Sai da aka jima Habu ya buɗe ido ya nemi fura. A nan Rabo ya lura. Tasa rigar ta jiƙe sharkaf da zufa, goshin matarsa Ladidi na ɗiga, amma da ya ɗauko yaron daga cikin bargo da hayaƙi, hammatarsa a bushe take kamar bayan ƙwarya.

"Ladidi, kin taɓa ganin zufa jikin yaron ga?"

Ta yi tunani. Ko da take goya shi, in ji ta, bayanta kaɗai ke jiƙewa.

Likita na Dogondutsi, tafiyar wuni cikin rairayi, a tsakiyar bazara. Rana za ta gama da yaron kafin a isa. Rabo ya tsare shi a ɗaki. Kwana huɗu Habu na kuka, ya huda zana yana leƙen ƴan'uwansa. Ran na biyar ya sulale.

Rabo yana da bido, gorar ƙarfe ta soja mai rigar ulu. A can hamada sukan jiƙa ulun su rataye ta a iska, ruwan ciki ya yi sanyi. Ya ciro tsohuwar rigar kakinsa, ya sa Ladidi ta rage ta, ya tsoma a ruwa, ya zura wa yaron.

Abin ya yi. Habu ya yi gudu har rigar ta bushe, ya dawo aka sake jiƙa ta. Washegari kuwa ya jefar da ita a ƙofar gida.

"Ban sa ta, Baba. Sambo ya ce ni kwaɗo na."

"Sambo ɗan wa?"

"Duk sun ce."

Rabo ya so ya ja kunnen wani, amma kunne ashirin da biyu ne. Ya tsinci rigar, ya ɗauki tulu da kansa ya nufi bayan rumbuna, yaron na bin sa tsirara.

"Wa ka son zama soja?"

Hannu goma sha ɗaya suka tashi. Ya jera su, ya daka musu tsawar bariki, suka ƙame. Ya ce soja ba ya maci da busasshen kai, ya zuba wa kowa moɗa guda. Mai kaki shi ne kofur, kuma kaki ɗaya ne a garin. Habu ya sa rigarsa ba gardama, ya wuce gaba, Sambo na binsa a baya yana buga ƙafa. In Rabo ya yi fito sai a dawo layi a sake jiƙa. Har la'asar yaron bai faɗi ba.

Tulu uku aka zubar a ƙasa ran nan. Ladidi ta dire guga a gaban Rabo.

"Gaba ashirin nika jawo ruwan ga, kai ko kana wanke ɗiyan mutane da shi. Uwayensu ba su da hannu? Gobe sojanka su ja."

Ta bayan danga ya ji Inna tana gaya wa maƙwabciya cewa baƙar kazar da ta yanka ce Doguwa ta karɓa.

"Saura turare guda, gobe in ubanai ya fita. Mijin nawa ya warke ke nan."

Rabo ya shiga ɗakinta ya ɗauko bargon, ya saɓa a kafaɗa, ya ɗauki guga da tulu. A bakin rijiya mata suka buɗa masa hanya suna rufe baki da gefen zane.

"Soja, yaushe anka kai ka ɗaki ba mu ji guɗa ba?"

Ya wuce su. Ya zauna a gindin gawo, ya zaro wuƙa, ya tsaga bargon tsiri-tsiri, a naɗa wa kowane kai guda don ruwa ya daɗe. Ya ƙirga goma sha ɗaya. Ya tuna wasu biyu sun ce gobe da su, ya ƙara biyu, sannan ya zura guga.