Binnen Nomau

Jikana Nazifi ya dawo daga karatu da ƙaton gemu. Muna cin tuwo ya ce wanda ba ya salla bai san imani ba. Na tsame hannuna daga kwano.

Na ce, "Kai, yaushe aka haife ka?"

Na ba shi labarin Nomau, Bamagujen da muke iyakar gona da shi a tsohon garinmu, kafin ruwan madatsar Tiga ya shanye garin. Bai taɓa kai goshinsa ƙasa ba. Wata shekara damina ta yi jinkiri, muka fita roƙon ruwa har sau uku. A hanyar dawowa na tarar da shi yana binne, yana zuba irin geronsa na ƙarshe cikin busasshiyar ƙasa, yana takewa da diddige.

Na ce, "Baba Nomau, idan ruwan bai zo ba fa?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Balarabe, ba yanzu kuka roƙa ba? Wanda kuka roƙa ai yana ji."

Yau masunta ke wucewa da kwalekwale a kan gonar nan.

Nazifi ya ce, "To Kaka, ku fa, kun shuka?"

Na jawo kwanon zuwa gabana. Ranar nan ni ne a sahun farko, na fi kowa ɗaga murya da amin. Irina kuwa yana rumbu, ina jira in ga hadari tukuna.