Rigar da Aka Jefo a Isna

Idan jiragen yawon kogin Nilu na Masar suka tsaya a garin Idfu, ba kowanne ke samun bakin gaɓa ba. Jeruwa suke yi kafaɗa da kafaɗa, biyar ko shida, a buɗe ƙofofinsu na tsakiya, a shimfiɗa katako tsakanin kowane biyu. Wanda jirginsa ke can ciki sai ya ratsa zaurukan jiragen mutane kafin ya kai nasa. Zaurukan kuwa kamar uwa ɗaya ta haife su: madubi, matakala mai ruwan zinariyar ƙarya, da ma'aikaci a bayan kanta yana murmushin aiki. Babba da gemunsa ma yakan ɓata a wurin, har ya tsaya zagin makulli don ya ƙi buɗe ɗakin da ba nasa ba.

Jirgin su Riham shi ne na uku daga gaɓa, akwai na huɗu a bayansa ta wajen ruwa. Hutun tsakiyar shekara ne, lokacin da mu 'yan ƙasa muke cika jiragen da tukwanen abincinmu da surutunmu. Mijinta Midhat, mai shagon magani a Mansura, shi ya nace sai sun zo, wai yara su sha iska. Yaran da za su sha iskar su ne Siraj, ɗan shekara uku, da Rudaina, jaririya 'yar wata biyar da ba ta san kogi ba, ba ta san kwano ba. Ta biyar a tafiyar ita ce mahaifiyar Midhat, Hajiya Insaf.

Kafin Siraj, Riham ta haifi maza biyu, kuma babu wanda ya yi kwana bakwai a cikinsu. Likita ya ce huhu ne. Hajiya Insaf ta ce bakin mutane ne, don duk unguwa ta zo barka tana cewa namiji, namiji. Shi ya sa da aka haifi Siraj ta yi alwashin ba za a aske masa kai ba sai ya cika huɗu, ta kuma riƙa sa masa kayan mata kamar yadda tsofaffinmu ke yi, don ido ya wuce bai tsaya ba. Gashin dai Midhat ya haƙura. Amma ranar da ya dawo ya tarar da ɗansa cikin siket, ya rantse in uwarsa ta sake ba za ta ƙara ɗaukar yaron ba. Riham ta goyi bayan mijinta, har da yi wa surukar dariya a ɓoye. Mai digiri biyu ce, ba ta son a ce tana jin tsoron ido.

Kafin su iso Idfu, a garin Isna, jirgi na jiran a buɗe masa ƙofar madatsar ruwa, masu talla suka zo cikin kwalekwale suna jefo kaya sama a leda kamar yadda suka saba. Wata 'yar riga ruwan hoda mai tattara a gindi ta faɗo a gaban Hajiya, ta ƙi mayarwa.

"Mama, wannan ai ta yi wa Rudaina uku," in ji Riham.

"Za ta girma. Ke da aka haife ki haka kike?"

Wajen cin abinci kuma wata mata mai awarwaro har gwiwar hannu ta ja kumatun Siraj ta ce ba ta taɓa ganin kyakkyawan yaro irinsa ba, duba gashi, duba ido, kuma namiji. Ba ta ce Masha Allah ba. Hajiya ta ajiye cokali, ta buɗe yatsunta biyar a ƙarƙashin tebur don kore ido, ba ta ƙara cin komai ba.

Da safe aka fita kallon tsohon ginin Idfu. A bakin ƙofa ana ba kowane babba kati, in ya dawo ya mayar, da haka jirgi ke sanin mutanensa sun cika kafin ya tashi. Yara ba a ba su, wai ai suna hannun iyayensu. Riham ta dubi turmutsutsun kekunan doki a gaɓa, ta ce Siraj ya zauna da kakarsa. Ta sa masa rigarsa rawaya da gajeren wando shuɗi, ta ɗaure Rudaina a ƙirji, suka tafi.

Sun dawo wajen ƙarfe goma. Suna shiga zauren jirginsu Riham ta ga ƙofar ɗaya gefen a rufe, ta gilashin kuma babu komai sai ruwa. Jirgi na huɗu ya tashi. Ba ta kawo komai a ranta ba sai da ta hango Hajiya Insaf tana saukowa daga bene da takalmi ƙafa ɗaya, mayafi na jan ƙasa.

"Yana wajenku?" in ji tsohuwar.

"Wa?"

"Na tayar da sallar walaha, raka'a biyu kawai, yana zaune a bakin gado. Na sallame na ga ƙofa a buɗe."

Tsoro ya kama Riham. Tsoro ne irin wanda ta sani, wanda ta ji sau biyu a asibitin Mansura lokacin da ma'aikatan jinya suka daina kallon idonta. Ta yi sama da gudu, jaririya na jijjiga a ƙirjinta, ta nufi wurin wanka na saman jirgi, don Siraj in ya ga ruwa ba ya jin kira. Babu kowa a ciki sai ƙwallon roba. Ta bi ƙarfen gefe tana duba tazarar sandunansa, tana auna ta da faɗin kan ɗanta.

A ƙasa Midhat ya riga ya tara mutane. Manajan jirgin, Ustaz Fikri, mutum mai tumbi da wayoyi biyu, yana cewa a kwantar da hankali.

"Ranka ya daɗe, shekara ashirin ina wannan aiki, yaro bai taɓa ɓace mini ba. Yana ƙarƙashin wani tebur yana shan zuma. Faɗa mini kamanninsa."

Midhat ya ce, "Namiji, shekara uku, sunansa Siraj. Riga rawaya, wando shuɗi."

Aka duba ɗakin cin abinci, kicin, ɗakin wanki, har ɗakin inji. Aka tambayi jirgi na biyu da na farko. Ustaz Fikri ya kira na huɗu, wanda ya yi kudu minti ashirin da suka wuce, ya maimaita musu: namiji, riga rawaya. Suka ce a ba su lokaci. Da suka kira, ya saurara, ya ce to, ya kashe.

"Sun bi yaransu ɗaya bayan ɗaya. Maza biyu ne kacal, kuma manya ne. Sauran duk mata."

Daga nan ya daina maganar zuma. Riham ta ga matuƙin jirgin, wani dattijo ɗan kudu mai farin rawani, ya sauko ya ce wa mutanensa wani abu a hankali. Biyu suka ɗauko doguwar gora mai ƙugiya a baki, suka nufi wurin da katako ya haɗa jirginsu da na biyu. Tazarar ba ta fi kamu ɗaya ba. Ruwan wurin baƙi ne, yana tsotsar gefen jiragen, bawon lemo na juyawa a kansa.

"Me za su yi da wannan?" ta tambaya.

"Babu komai, Maman Siraj, ƙa'ida ce kawai," in ji Ustaz Fikri.

"Na ce me za su yi da ita?"

Midhat ya kama hannunta, ta fizge. Ba za ta iya tsayawa ta ga abin da ƙugiyar za ta ɗago ba, sai ta koma ɗakin surukarta, ko da an duba shi sau uku. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta buɗe kabad, ta ɗaga labulen banɗaki. Rudaina ta fara tsala kuka. Riham ta zauna a bakin gado don ta ba ta nono, hannunta ya ture matashi.

Ga riga rawaya, ga wando shuɗi, an ninke su tsaf.

Abin da ya fara zuwa mata shi ne ya tuɓe ya bi ruwa, kamar yadda yake yi a gida in ya ji an buɗe famfo. Sai kuma ta sake duban ninkin. Yaro ɗan shekara uku ba ya haɗa hannun riga da hannun riga, ba ya kuma sa kaya ƙarƙashin matashi. A kwandon shara ga ledar Isna, babu komai a ciki.

Ta tarar da Hajiya a durƙushe a lungun zaure, tana jan carbi. Tun ɗazu tana wurin, ta ji duk abin da ɗanta ya faɗa wa manaja. Riham ta durƙusa ta ajiye mata rigar a cinya.

"Mama, me kika sa masa?"

Tsohuwar ta dubi Midhat da ke tahowa, ta sunkuyar da kai.

"Mama, ba zan yi miki faɗa ba, shi ma ba zai yi ba. Ga mutane can suna laluben ruwa da ƙugiya. Me kika sa masa?"

"Matar nan ta jiya," in ji Hajiya, murya ba ta fita sosai. "Kin ji bakinta. Na ce kafin ku dawo zan cire. Na ɗaure masa gashi biyu. Na ce in an tambaye shi ya ce sunansa Basima, wasa ne muke yi. Sau uku na buɗe baki zan faɗa, sai in ga fuskar Midhat, in ce bari, yanzu za a gan shi."

Midhat ya ɗora hannu biyu a ka. Riham ba ta tsaya jin abin da zai ce ba, ta je ta riƙe hannun rigar Ustaz Fikri.

"Sake kiransu. Ka ce yarinya. Riga ruwan hoda mai tattara, gashi ɗauri biyu, sunanta Basima."

Ya kira, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Aka ce a riƙe. Ana jin takun mutum a kan matakala, ana jin kiɗa daga nesa, ƙofa ta buɗe, ƙofa ta rufe. Riham ta tuna ƙarfen gefen wancan jirgin, da ta hango jiya, sandunansa sun fi na nasu tazara. Minti arba'in ke nan yana can, babu wanda ya san ɗan wa ne balle ya riƙe shi. A bayanta tana jin gorar nan tana bugun ƙarfe, don matuƙin bai ce a daina ba.

"Akwai Basima," in ji muryar. "Tana saman jirgi cikin iyalin nan na Fayyum, wasu mata biyu, ya da ƙanwa, masu 'yan mata fiye da goma. Ni da kaina na tambaye ta suna ɗazu. Yayar ta ɗauka ƙawar 'ya'yan ƙanwarta ce, ƙanwar ta ɗauka 'yar maƙwabtan ɗaki ce. Tare da su ta ratso zaurenku."

"Ba ta wayar," in ji Riham.

Sai aka ji wani ɗan numfashi.

"Siraj? Mama ce."

"Ni Basima ce," in ji shi, da baki cike da wani abu. "Kaka ta ce kar in faɗa."

Riham ta zame ta zauna a ƙasa, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ɗazu. Ta ce wa mutumin ya riƙe hannun yaron, kar ya saki, ko da wa ya kira shi, ko da jirgin na cin wuta. Sai da ya rantse mata sau biyu.

Jirgi na huɗun ba ya juyowa saboda yaro, amma matuƙinsa ya yarda ya rage gudu. Aka samo musu kwalekwale mai inji. Midhat ya ce wa uwarsa ta zauna, ba tare da ya kalle ta ba, ita kuwa ta shiga ta zauna a can ƙarshe da takalminta ƙafa ɗaya. Fiye da rabin awa suna bin ruwa. Riham na riƙe da rigar rawaya. Ta yi niyyar da ta kama shi za ta cire masa wannan tsummar ta jefa a kogi a gaban idon tsohuwar.

Suka hau ta ƙaramar ƙofar gefe. Zauren ya cika maƙil, don labari ya zaga jirgin, kowa ya zo kallo. Ga Siraj a hannun mutumin, alawa ta ɓata masa tattarar riga, ɗauri ɗaya ya kwance. Riham ta rungume shi har Rudaina ta yi ƙara a tsakaninsu. Ta shinshina wuyansa, ta taɓa kunnuwansa, ta ƙirga yatsunsa kamar ranar da aka haife shi.

Da ta ɗago sai ta ga idanu, sun fi hamsin, duk a kansa. Wata mata ta kutso gaba, ta miƙo hannu ta shafa masa gashi.

"Ashe wannan ce? Dubi kyau kamar a sace. Wai ni, da gaske ne abin da ake cewa, namiji ne?"

Midhat ya buɗe baki zai amsa. Riham ta dunƙule rigar rawaya ta tura ƙasan jakarta, ta ja gindin rigar Isna ta rufe wa ɗanta gwiwoyi, ta juya shi ya fuskanci ƙirjinta.

"Mace ce," in ji ta. "Sunanta Basima."