Lambar da Aka Daka da Guduma

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu na gare ki.

To, a unguwar Gubaira ta birnin Riyad an yi wani mutumin Gumel, Ubale sunansa, mai fentin mota. Kafilinsa, wato Balaraben da iƙamarsa, takardar izinin zamansa, ke hannunsa, wani dattijo ne da ake kira Abu Amir. Shi wannan dattijo ba shi da abin so kamar tsofaffin motoci, irin waɗanda ba sa hawa titi sai dai a goge a ajiye. Daga nan ne Ubale ya samu sana'ar da ta fito da shi: sabunta fentin tsofaffin lambobin mota, na ƙarfe, masu haruffa a kumbure. Masu tara irin waɗannan kaya har daga Turai suke aiko masa.

Aikin kuwa da ka'idarsa. Sai ya kankare tsatsa da samfefa, ya fesa farin fenti, ya bar shi kwana uku. Ranar baƙin fenti sai ya yayyafa ruwa a ƙasan warsha, wato shagon aikinsa, don kada ƙura ta tashi, ya shimfiɗa fentin siriri a kan gilashi, ya mirgina rolar roba mai tauri a ciki, sannan ya wuce da ita bisa lambar sau ɗaya tak. Abin da ya kumbura ya ɗauki baƙi, abin da ya kwanta ya zauna fari. Buroshi ba ya kusantar wurin.

Wata Lahadi da hantsi, a shekarar da ake ta kamen marasa takarda, sai ga Jamal, ƙanen matar Abu Amir, ya shigo da kwali. Saurayi ne mai yawan turare da yawan duba waya.

"Ya mu'allim, lambobi takwas ne. Abu Amir ya ce a yi su kafin Alhamis."

"Shi ya ce?" in ji Ubale.

"Shi fa. Amma ka ga wannan ta ƙasa, ta ɗan lotsa. Kada ka sa mata rola, bi ta da buroshi. Biyar ce a tsakiya, ka fito da ita sosai. Kuma ba sai ka dame shi da maganar ba, ba ya jin daɗi kwanan nan."

Ubale ya ce to. Amma fa tun da Jamal ya juya baya, zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Mutumin da ya aiko da aiki, yaya za a ce kada a yi masa maganar aikin?

Ya zazzage kwalin. Bakwai ɗin nan tsofaffi ne na gaske, ramukan kusoshinsu duk tsatsa ta cinye. Ta takwas ita ma tsohon yayi ce, amma irin wadda har lokacin ake gani jikin tsofaffin a-kori-kura. Ramukanta suna ƙyalli, alamar ba a daɗe da kwance ta daga mota ba. Ya kife ta ya shafa bayanta, domin shi ta baya yake karanta lamba. Yatsansa ya faɗa kan sawun guduma. Kun san tara ta Larabci zobe ce mai wutsiya, biyar kuwa zobe ce kawai. To, wani ya daka wutsiyar har ta kwanta.

Da azahar ya koma ɗaki cin abinci, ya tarar da abokin zamansa Sha'aban, direba, mutumin Haɗeja, wanda bakinsa ba ya hutawa. Ubale ya kwance lambar daga cikin tsumma ya nuna masa.

Sha'aban ya ajiye cokali. "Kai Bagumale! A ɗakin nan ka kawo mana wannan? Fitar da ita, ni ban gani ba!"

"Tsaya mana ka ji."

"Me zan ji? Ko dai motar sata ce, ko an buge wani an gudu, ko ana ɓuyar wa kamarar titi. Ranar da shurɗa, 'yan sandan ƙasar nan, suka kama motar, wa za su tambaya? Wa ya yi fenti. Duk Riyad wa ke wannan fenti in ba kai ba? Daga nan sai tarhil, a kore ka gida, a sa ka jirgi da silifa ɗaya."

"To in na ƙi fa? Wata mai zuwa iƙamata za ta ƙare. In da gaske tsohon ne ya aiko, na ƙi aikin kafilina ke nan."

 Sha'aban ya ce, "Kai kana ganin da hannun tsohon?"

"Shekara tara ina tare da shi, ban taɓa ganin ya ci na wani ba. Amma kuma ban taɓa shiga zuciyarsa ba."

"Jefa ta a kwandon shara, ka ce ta ɓace."

"Sai Jamal ya ce na sace."

"Ka kai wa shurɗa."

"In kai ƙarar surukin kafilina? Sha'aban, ci shinkafarka."

Kwana uku Ubale yana wannan saƙe-saƙe. Ya fesa farin fenti a kan duka takwas ɗin, ya jera su suna bushewa. Kullum Jamal sai ya kira: "Halas? An gama?" Ubale ya ce tukuna. Ran Talata Abu Amir ya leƙo warsha, ya tsaya kan lambobin ya daɗe yana kallo, sannan ya fita. Ubale ya rasa fassarar wannan kallo. Ko tsohon yana duba aikinsa na asiri ne, ko kuwa sha'awa ce irin tasa? Allah kaɗai ya sani.

Ran Laraba da safe ya yanke shawara. Ba zai tuhumi kowa ba, ba kuma zai ɗauki buroshi ba. Ya san Abu Amir na son kallon ranar baƙin fenti, sai ya aika masa cewa yau ne. Tsohon ya zo da butar gahawarsa, Jamal na biye da shi, fuska ba walwala.

Ubale ya yayyafa ruwa a ƙasa. Ya yi ta farko, ta fito tsaf. Ta biyu, ta uku, har ta bakwai, tsohon yana ta "Masha Allah." Da ya miƙa hannu ga ta takwas sai Jamal ya matso.

"Wannan bar ta sai anjima, ya mu'allim."

"Fentin zai bushe a gilashi," in ji Ubale, bai ɗago kai ba. Ya danna rolar ya wuce sau ɗaya, yadda ya saba.

Zoben ya fito baƙi ƙirin. A ƙarƙashinsa kuma sai ga layi biyu sirara, gefe da gefen wutsiyar da guduma ba ta gama kwantarwa ba. Ko makaho ya shafa ya san tara ce.

 Abu Amir ya ajiye ƙaramin kofinsa, ya sunkuya, ya dubi lambar, ya dubi Jamal.

"Wannan ta ina ta shigo cikin kayana?"

Jamal ya fara magana da sauri-sauri, Larabcin da Ubale bai kama rabinsa ba. Ya dai ji an ambaci wani aboki, an ambaci kamara. Tsohon bai bari ya gama ba. Ya ɗauki lambar da ɗanyen fentinta, ya sa a bakin almakashin ƙarfe, ya raba ta biyu, ya miƙa wa Jamal gutsattsarin, hannunsa duk baƙi.

"Yalla. Fita."

Sannan ya juyo ga Ubale, ya ƙura masa ido. "Ka sani?"

"Ni dai rola na sa, ya Abu Amir, kamar kullum."

Tsohon ya jinjina kai, ya nemi tsumma ya goge hannu, ya tafi. Ubale ya zauna kan gwangwanin fenti.

Sati uku bai san matsayinsa ba. Tsohon ba ya zuwa, ba ya kira. Sha'aban har ya fara tambayarsa wa zai bar wa katifa. A sati na huɗu direban gidan Abu Amir ya kawo masa ambulan, ya buɗe, sai ga iƙama sabuwa.

Ubale ya ƙara shekara biyar a Gubaira, sannan ya koma Gumel da kansa ya buɗe wurin fenti. Har ya baro ƙasar bai tabbatar ko tsohon ya san da lambar tun farko ba, bai kuma tambaya ba. An mai da Jamal wurin danginsa a wani gari, bai sake taka warshar ba. Abu Amir ya rasu bayan tafiyar Ubale da shekara guda, 'ya'yansa suka sayar da motocin. Sha'aban yana nan Riyad yana tuƙi.