Wa Ya Rako Ki?

…kuma wai sai da ɗan rakiya. Dokarsu ce, in ji nas: ba a yanka nono a ɗebi tsokar gwaji sai akwai mai riƙe ki idan kin fito. In babu, a ɗage.

Ɗan rakiya. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kan irin wannan benci? Hawan jinin uwar miji — ni. Ƙaninsa ya karye a babur — ni. Zazzaɓin yara, fulas a hannu, bargo a kafaɗa… Wai alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. To nawa ƙasa ta shanye.

Waya tana ta rawa a jaka. Maigida ne, ba sai na duba ba. Zai ce ina farar rigata, ina makullin mota. Da safe na ce, Baban yara, yau ne fa. Yana ɗaura agogo ya ce na cika tsoro, maruru ne. Maruru… Abin da nake taɓawa kamar tsakuwa duk lokacin da na shiga wanka. 'Yata kuwa tana da taro a ofis, wai Mama ki bari sai wani satin. Ƙullin ma zai jira wani satin?

Haushi nake ji. Ba nasu kaɗai ba, har nawa. Ni na koya musu cewa ba na ciwo.

Matar nan ta kusa da ni ta ishe ni da surutu tun ɗazu. Mai kitso ce, ta ce. Ɗankwali ya lafe mata a kai, babu gashi ko sili a ƙasa, maganin ciwon daji ya kwashe. Tana dariya wai yanzu kan wasu kawai take wahala da shi. Ya ake dariya da irin wannan?

Nas ta leƙo da katina. «Hajiya, wa ya rako ki?»

Na kalli ƙofar fita. In tashi kawai… in je in nemo masa rigar, tana nan bayan ƙofa inda na rataye.

«Ni ce. Ƙanwata ce.»

Mai kitso. Har ta miƙe. Nas tana gaya mata layinta zai wuce, likitanta ba ya jira. Ta ce ya wuce ɗin, ba yau ta fara ba. Ta zare jakar daga kafaɗata, wayar na kuka a ciki, ta danne ta a hammata.

«Ciro 'yan kunnen, ki ba ni. Ina nan bakin ƙofa.»

Na ja, maƙallin ya ƙi fita. Yatsunta a kunnena, masu sanyi, a hankali… Me ya sa nake son yin kuka yanzu, ba ɗazu ba?

Ko sunanta ban tambaya ba. Ƙofa a buɗe, warin magani, farin gado… Ita fa? Ranar nata yankan — wa ya tsaya mata?