Shinkafar da Na Ture

Ta yaya abincin da na ci kwana goma sha ɗaya ina kwance ya zama ƙazanta bayan na miƙe da ƙafafuna? Na juya tambayar nan ta kowane gefe, ban samo mata amsa ba.

Sunana Jabiru. Umara ta kawo ni Jidda shekara shida da suka wuce, ban koma ba, iƙama kuma, takardar izinin zama, ba ni da ita. Ina aiki a wata warsha ta gyaran kujeru a unguwar Bagdadiyya, a hannun Baba Zaharadden, Bahaushen Sudan da aka haifa a nan. Mu huɗu ne: shi, ni, Mus'ab mai fenti, sai telanmu Nimal, mutumin Siri Lanka mai bin addinin Buddha. Ban yi nisa a makaranta ba, amma ina sayen tsofaffin littattafai a unguwar Balad ina karantawa, shi ya sa suke ce mini Shehi. Su da wasa suke faɗa. Ni na riƙe abin da gaske.

Bara zazzaɓi ya kayar da ni. Marar iƙama ba ya son ƙofar asibiti, don haka Nimal ya kai ni ɗakinsa, ya bar mini katifarsa, shi ya koma kan kwali. Ya je kasuwa ya sayo sabuwar tukunya don kada in yi shakkar abin da aka taɓa dafawa a tsohuwar. Kunun shinkafa da citta, safe da yamma. In an kira salla, shi ke taɓa ƙafata ya ce, “Shehi, salla.” Ko sau ɗaya ban tambaye shi da sunan wa ya dafa ba. Sha kawai nake yi.

A bangon ɗakin akwai hoton wani tsoho mai askakken kai, ya yafa mayafi ruwan goro. Nimal ya ce malaminsu ne, Hamuduru suke kiransa, shi ya riƙe shi bayan rasuwar ubansa. Da guntun Larabcin da muke magana da shi ya ba ni labari: wata shekara rikici ya tashi a yankinsu, aka fara ƙona shagunan Musulmi. Tsohon ya buɗe gidan ibadarsu ya shigar da iyalai goma sha uku, ya zauna a bakin ƙofa kwana huɗu, ya ce duk mai son shiga sai ya taka shi. Ya tambayi baƙin inda suke fuskanta in za su yi salla, ya ɗauki alli ya yi musu alama a bango.

Na ji labarin, na ce madalla, na ci gaba da shan kunu.

Ranar Laraba da ta wuce tsohon ya cika shekara casa'in. Ya hana a kai masa kyauta. Ya ce kowane almajirinsa, ko a wace ƙasa yake, ya dafa abinci ya ciyar da mutum ɗaya wanda ba addininsu ɗaya ba, in ya ci a aiko masa da sunansa, shi kuma zai karanta sunayen a gaban taro ya yi wa masu su fatan lafiya. Dole sunan ya isa kafin azahar ɗinmu ta nan. Ni Nimal ya zaɓa. Tun mako biyu yake tuna mini, ina cewa to.

Da safiyar ranar ya shigo da farar riga, ɗauke da kwano a naɗe cikin tawul. Ya buɗe a kan teburin yanka yadi: shinkafa ce da madarar kwakwa, an yayyanka ta ƙanana, da yajin albasa a gefe. Ya miƙo mini da hannu biyu.

Mus'ab ya leƙo, burushi a hannu, ya ce da Hausa, “Kai! Yau Shehinmu zai ci walimar gunki. Bari in ɗauko waya, wannan sai an tura wa mutanen gida.”

“Rufe mana baki, ya walad,” in ji Baba Zaharadden. “Shinkafa ce da kwakwa.”

“A'a, Baba, bar shi ya ba mu fatawa tukuna. Ba shi ne mai littattafai ba?”

Da na yi dariya na ɗauki yanka ɗaya, da magana ta mutu. Amma na ji kamar an ɗora sunan Shehi a kan sikeli. Na sa bayan hannu na ture kwanon. Kuma da Larabci na yi maganar, yadda Nimal zai ji, ba da Hausa ba.

“Mu ba ma cin abin da aka yi don gumaka.”

Nimal ya rufe kwanon, ya naɗe shi da tawul, ya ɗora a kan tarin soso, ya koma kan keken ɗinkinsa. Ko Mus'ab bai yi dariya ba.

Na yi awa uku ina cire ƙusoshi daga wata tsohuwar kujera, ina tara wa kaina hujja. Biki ne na wani addini. Tsohon zai ambaci sunana cikin addu'ar da ban san wa ake roƙo ba. Hujjojin ba ƙarya ba ne, har yau ina tunaninsu. Sai dai ba su ne suka ture kwanon ba. Tsoron Mus'ab na ji.

Wajen sha ɗaya Baba Zaharadden ya tsaya a kaina. “Ya Jabiru, na ce wa Nimal ya kawo ni in ci, a rubuta sunana, shi ke nan. Ka san me ya ce? Wai ya riga ya gaya wa tsohon yana da ɗan'uwa a Jidda. Gara a bar wurin ba suna.” Ya ɗauki guduma. “Ni ban yi karatu ba. Amma da kake kwance, ban ga ka nemi littafi ba.”

Na ajiye filaya. Tsakanina da keken Nimal taku takwas ne, na daɗe ban yi tafiya mai nauyinsu ba.

“Nimal.”

Bai ɗago ba. Keken na ta ƙara.

“Ka ajiye abincin a gaban wani abu? Ka karanta masa wani abu?”

Ya ɗage ƙafarsa daga keken. “A tukunyarka na dafa, wadda na saya bara. Ban ce komai a kansa ba. Na san kai ne za ka faɗi naka.”

Na rasa inda zan sa idona. Na so in ba shi haƙuri, Larabcin ya gudu ya bar ni. Na miƙa hannu kan soson na sauko da kwanon, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, na kwance tawul. Zafin warsha ya sa shinkafar ta fara tsami. Mus'ab na kallo daga bakin ƙofa, wayarsa a aljihu.

Na yi bisimilla da ƙarfi, na kai loma. Yajin ya sa ni tari, na ƙara wata.

Nimal ya dube ni na ɗan lokaci, ya dubi agogon bango. Sannan ya ciro wayarsa.

“Jabiru kawai,” ya ce, “ko da sunan baba?”

“Sa da na baba. Rafi'u.”

Yana rubutawa, ina ci.